Matar da aka ce ba ta iya hoto ba: Julia Margaret Cameron da hotunan gilashi

 

Yau tarihin hoto za mu taɓa. Kafin mu yi nisa, duk mai waya a hannu ya rubuta Julia Margaret Cameron a Google, ya duba hotunan da za su fito. Za ku ga wani tsoho mai farin gashi a hargitse, za ku ga mata da dogon gashi a sake, fuskoki sun cika hoton, bayansu duhu. Wasu hotunan dishi-dishi suke, wasu da tabo a gefe, wasu ma da shatin yatsa. Da a ce yau mai hoto ya miƙo maka irin wannan, cewa za ka yi ya dawo maka da kuɗinka. Amma waɗannan hotuna suna cikin manyan gidajen tarihi na Landan da New York, kuma har yanzu akwai masu fasaha da ke ajiye kyamarar zamani su koma irin hanyar da matar nan ta bi. To me suke gani a ciki? Abin da za mu bi a hankali ke nan.

Mu fara da ita kanta. An haife ta a Kalkata ta ƙasar Indiya a 1815, lokacin da Turawan Ingila ke iko da can, mahaifinta kuma ma'aikacin kamfaninsu ne na mulkin mallaka. A 1838 ta auri Charles Hay Cameron, masanin shari'a. Suka koma Ingila a 1848, daga bisani a 1860 suka tare a ƙauyen Freshwater da ke tsibirin Wight, a kudancin ƙasar, kusa da gidan mawaƙin nan Alfred Tennyson. Duk tsawon wannan lokaci ba sana'ar hoto take yi ba. Sai a watan Disamba na 1863, tana da shekara 48, 'yarta da mijin 'yar suka ba ta kyautar kyamara don ta rage kaɗaici. Ta gyara akurkin kajinta mai bangon gilashi ya zama situdiyo, ɗakin ajiye gawayi kuma ya zama ɗakin wankin hoto. A watan Janairu na 1864 ta ɗauki hoton wata yarinya mai suna Annie Philpot, wanda ita da kanta ta ɗauka a matsayin nasararta ta farko.

Yanzu fa dole mu fahimci yadda ake hoto a wancan zamani, don idan ba mu gane wannan ba, ba za mu gane tabon da muke gani ba. Babu fim, balle katin waya. A kan gilashi ake ɗauka. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, shi ya fitar da hanyar a 1851. Akwai wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyan, wanda ake samu idan an narka audugar da aka sarrafa da asid a cikin sifirit da wani sinadari mai saurin bushewa. Tun farko ma likitoci ne ke shafa shi a kan rauni. Mai hoto zai goge gilashi tas, ya riƙe shi a hannu ɗaya, ya zuba kolodiyan a kai, ya dinga karkata shi har ruwan ya game ko'ina. Daga nan, cikin duhu, ya tsoma shi a ruwan sinadarin azurfa na 'yan mintuna, wanda shi ne ke sa gilashin ya zama mai jin haske. Sai ya saka shi a kyamara yana jiƙe, ya buɗe idon kyamara, ya rufe, ya ruga ɗakin duhu ya wanke. Duk wannan sai an gama cikin minti goma zuwa sha biyar, domin da zarar kolodiyan ya bushe, aiki ya lalace.

Bayan wanki sai a zuba maganin da zai tsayar da hoton kada haske ya ci gaba da cin sa. Wasu na amfani da sayanaid, wanda guba ce mai kisa. Wasu kuma da wani gishiri da masu hoto ke kira haifo, kuma a'a, ba wanda kuke wanke farin kaya da shi ba. Abin da ya fito a gilashin nagatif ne, wato fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Don a samu hoton takarda, sai a shafa wa takarda farin ƙwai da gishiri, a jiƙa ta da ruwan azurfa, a ɗora gilashin a kanta, a ajiye a rana. Rana ce ke buga hoton. Shi ya sa girman hoton daidai yake da girman gilashin, kuma launinsa ba baƙi da fari ba ne sosai, ya fi kama da ruwan ƙasa mai duhu. Ruwan azurfar nan kuma yana rina fata, ya bar yatsu baƙi ƙirin kamar an kwana da lalle. Waɗanda suka san Cameron sun sha ambaton hannayenta da tufafinta masu tabon magani.

To kun ga ko'ina akwai ƙofar ɓarna. Ƙura ta faɗa, ta zama ɗigo. Hannu ya girgiza wajen zubawa, ruwan ya bar zane. Gashi ya faɗa, ya fito a hoto. Masu situdiyon kasuwa na lokacin duk ƙoƙarinsu shi ne su ɓoye waɗannan abubuwa. A shekarun 1860 abin yayi shi ne ɗan ƙaramin hoto mai girman katin gayyata, wanda wani Bafaranshe, Disdéri, ya yi wa rajista a 1854. Mutum zai tsaya daga kai har ƙafa kusa da kujera ko labule, a sa masa wani ƙarfe a ƙeya don kada ya motsa, a cika ɗakin da haske, komai ya fito tar, har maɓallin riga. Hoton yana nuna kayan da ka sa da matsayinka. Kowa ya fito kusan iri ɗaya.

Ita Cameron sai ta bi wata hanya dabam. Ta matso da kyamara har fuska ta cika gilashi. Ta toshe yawancin hasken ɗakin, ta bar shi yana shigowa ta gefe guda, ta lulluɓe kafaɗun mutum da baƙin mayafi don kada kaya su ɗauke hankali. Daga baya ta sayi babbar kyamara mai ɗaukar gilashin inci 15 da 12, wanda ya ba ta damar fitar da kan mutum kusan daidai girmansa na zahiri. Amma babban gilashi da ƙarancin haske na nufin sai idon kyamara ya daɗe a buɗe, wani lokaci mintuna da yawa. Ka gwada zama minti uku ba motsi ka gani. Za ka yi numfashi, za ka ƙifta ido, wuyanka zai ɗan karkata. Duk wannan yana shiga cikin gilashin. Sannan wajen saita idon kyamara, ba ta murɗa shi har sai komai ya fito tar, tana tsayawa ne a inda fuskar ta yi mata kyau a ido.

Mujallun masu hoto na Landan suka yi mata ca. Suka ce aikinta ƙazanta ne, ba ta iya saiti ba, ba ta da haƙurin koyon sana'a. Kada ku manta, mace ce, ta shigo da girma, kuma ba ta bi ta hannun kowa a cikinsu ba. A ƙarshen 1864 ta rubuta wa tsohon amininta Sir John Herschel wasiƙa tana tambayar wa ya ba wani ikon yanke irin saitin da ya halatta a hoto. Masu zane da marubuta kuwa sun karɓe ta. A 1865 gidan tarihi na South Kensington, wanda yau ake kira Victoria and Albert, ya sayi hotunanta 80, kuma a 1868 ya ba ta ɗakuna biyu ta yi aiki a ciki. Ita ma ba da wasa ta ɗauki abin ba. Ta yi wa hotuna sama da 500 rajistar haƙƙin mallaka, tana sayarwa ta hannun dillalan zane a Landan, saboda gonakin kofi na mijinta a tsibirin Silon, wato Sri Lanka ta yau, ba sa kawo kuɗi yadda ake so.

Yanzu mu koma kan tsohon nan mai hargitsattsen gashi. Shi ne Herschel ɗin, masanin taurari da sinadarai. Shi ya gano tun 1819 cewa haifo yana narka gishirin azurfa, kuma shi ya ƙirƙiro a 1842 wata hanyar buga hoto da gishirin ƙarfe mai fitowa shuɗi kamar an tsoma a marina, wadda ake kira sayanotaif. Tun tana Indiya shi ya fara aika mata samfurin hotuna. A 1867 ta kwashi kayanta ta je har gidansa, yana da shekara 75, ta sa aka wanke masa gashi aka baje shi, ta rufe masa jiki da baƙin ƙyalle. Ku duba hoton da kyau. Idanu da ƙasan idanu sun fito sarai, ana ganin gemun da bai aske da kyau ba, amma gashin kai ya narke cikin haske kamar hayaƙi. Babu littafi, babu na'urar hangen taurari, babu lambar girma. Tsufa ne da gajiya da tunani a fuskar mutumin da ta sani shekara talatin. A shekarar ta ɗauki marubuci Thomas Carlyle, rabin fuskarsa a duhu, ya ɗan motsa har hoton ya yi rawa, kuma ta buga shi a haka. A 1868 ta ɗauki Charles Darwin lokacin da ya kama hayar gida a wurinsu don hutu, shi kuma ya ce ya fi son wannan hoton a kan duk waɗanda aka taɓa yi masa.

To ga yadda ake kallon irin wannan hoto. Ka fara neman inda ya fito tar, domin nan mai hoton ke son idonka ya sauka. Ka dubi inda ya yi dishi-dishi, ka tambayi kanka, saiti ne ko motsi? In motsi ne, to lokaci kake gani, mintunan da mutumin ya yi a zaune yana numfashi. Hoton wayarka ƙiftawar ido guda yake kamawa, wannan kuwa ya tara ɗaruruwan ƙiftawa a wuri ɗaya, shi ya sa fuskar ke da nauyi, ba ta da murmushin dole. Sai ka dubi gefe-gefe, inda ruwan bai kai ba ko ya taru. Wannan sawun hannun mai hoton ne. A wani hotonta na 1869 mai suna The Dream akwai baƙin shatin yatsunta a ƙasa ta dama, kuma ta buga shi da su. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: kolodiyan ya fi jin shuɗin haske, ja da rawaya kuwa kusan baƙi yake ganin su. Saboda haka shuɗin ido yakan fito fari-fari, leɓe ya yi duhu, ɗigon fata da tamoji su ƙara fitowa, fata mai duhu ta ƙara duhu da sheƙi. Wato aikinsa kishiyar filta ne. Filta goge tarihin fuska take yi, shi kuma tono shi yake.

Amma jama'a, kada daɗin kallo ya sa mu manta da tambaya guda: wa ke zaune a gaban kyamarar, kuma da son ransa ya zauna? Mazan da Cameron ta ɗauka manya ne, da sunansu suka shiga hoto. Matan kuwa sau da yawa sai ta yi musu shigar wata ta cikin labari ko tatsuniyar Turawa. Wadda ke cikin The Dream ɗin nan 'yar aikinta ce, Mary Hillier, wadda ta shafe shekaru tana zaman hoto a gidan uwar ɗakinta.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne wani yaro ɗan Habasha. A watan Afrilu na 1868 sojojin Ingila suka ci sansanin Magdala da yaƙi, Sarki Tewodros na biyu ya kashe kansa don kada a kama shi, aka kwashe dukiyar fadar. Aka tafi da ɗansa Alemayehu mai shekara 7, mahaifiyarsa ta rasu a hanya. Wani hafsan soja, Kyaftin Tristram Speedy, shi ya kawo shi tsibirin Wight, kuma a wannan shekarar Cameron ta ɗauke shi hoto. A ɗaya daga cikin hotunan yana zaune da kayan Habasha, an ɗora masa farar 'yar tsana a cinya, idanunsa na kallon wani wuri can. Hoton yana da kyau, irin kyan da muka gama yabo yanzu, ga laushin haske, ga nutsuwa. Sai dai Herschel aboki ne da ya yarda ya zauna, shi kuwa wannan maraya ne da ya rasa uwa da uba da ƙasa cikin 'yan watanni, aka zaunar da shi don mutanen Ingila su ga ɗan sarkin da suka ci da yaƙi. Baƙin cikin da ke fuskarsa ba mai hoto ce ta tsara shi ba. Alemayehu bai sake ganin gida ba. Ya rasu a garin Leeds a 1879 yana da shekara 18, aka binne shi a fadar Windsor. Habasha ta nemi a mayar mata da ƙasusuwansa, kuma a 2023 fadar Buckingham ta ce ba zai yiwu ba. Wanda ya iya kallon hoto, dole idonsa ya ɗauki duka biyun, gwanintar mai ɗauka da halin da wanda aka ɗauka yake ciki.

Ita Cameron, a 1875 ta bi mijinta suka koma Silon, har da akwatunan gawa biyu a cikin kayansu. A can ta ɗauki hotuna kaɗan, yawanci na ma'aikatan gida da na gona, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Ta rasu a watan Janairu na 1879, shekarar da Alemayehu ya rasu. Aikinta na hoto bai wuce shekara goma sha biyu zuwa sha biyar ba, kuma ta bar hotuna wajen 900.

Bayanta kaɗan hanyar kolodiyan ta mutu a kasuwa. A 1871 wani likita, Richard Leach Maddox, ya nuna yadda za a yi busasshen gilashi, kuma zuwa shekarun 1880 masana'antu na sayar da shi a kwali, ba sai ka haɗa da hannunka ba. A 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak, ka latsa kawai, kamfani ya wanke maka. Da hoto ya zama abin kowa, sai wasu masu fasaha suka koma neman hanyoyin da hannu ke da aiki a ciki, irin su bugu da filatinam, ko da ƙaro da launi, wanda ake shafawa da burushi kamar zane. A 1913 Alfred Stieglitz ya buga hotunan Cameron a mujallarsa ta Camera Work a Amurka. A 1926 marubuciya Virginia Woolf, wadda mahaifiyarta Julia Jackson 'yar 'yar'uwar Cameron ce kuma ta sha zama mata hoto, ta fitar da littafin hotunanta tare da Roger Fry. Abin da aka kira ƙazanta a 1865 ya zama darasi. Kun ga abin mamaki, a zamaninta kolodiyan shi ne hanyar kowa da kowa. Sai da kamfanoni suka mamaye harkar sannan shi da sauran tsofaffin hanyoyin suka koma zaɓin masu son aikin hannu.

Kuma har yau ana yi. Sally Mann, Ba'amurkiya 'yar jihar Virginia, ta koma kolodiyan a shekarun 1990. A 2009 ta fitar da jerin hotuna mai suna Proud Flesh, na mijinta Larry, wanda ke fama da ciwon da ke cinye tsoka a hankali. Tabo da ɓawon da maganin ya bari a gilashin sun hau kan jikin da ciwo ke ci, har ba ka iya raba lalacewar hoton da ta jikin. Mijin ya san abin da ake ɗauka, kuma ya yarda. Sai Will Wilson, ɗan ƙabilar Navajo, wanda tun 2012 yake ɗaukar 'yan asalin Amurka da kolodiyan a kan farantin ƙarfe. Yana yi ne a matsayin martani ga Edward Curtis, Baturen da ya ɗauki kakanninsu a farkon ƙarni na 20 kamar mutanen da suke gab da ƙarewa. A wurin Wilson, mutum shi ke zaɓar kayan da zai sa da abin da zai riƙe, yana kallo hoton ya fito a cikin ruwan magani, sannan ya tafi gida da farantin, wanda shi kaɗai ne babu na biyu. Wilson kwafin kwamfuta kawai yake riƙewa, da izinin mai hoton. Ku auna wannan da zaman da aka yi wa Alemayehu. Maganin iri ɗaya ne, haske ɗaya, amma ikon ya koma hannun wanda ke zaune.

Mu da ke ɗaukar hoto ashirin mu goge sha tara, mu shafe sauran ɗayan da filta har kurajen fuska da layin goshi su ɓace, akwai abin dubawa a nan. Ba ana cewa kowa ya je ya nemi gilashi da ruwan azurfa ba, kayan ma suna da tsada da haɗari. Amma in za ka ɗauki kakarka ko mahaifinka, gwada ka zaunar da su kusa da taga, ka kashe fitila, ka matso, ka bar su su nutsu kafin ka latsa, kuma ka bar fuskar yadda shekaru suka yi ta. Sannan ka tambaye su kafin ka ɗora a intanet.

A nan za mu dakata. Ku je ku kalli hoton Herschel da na Alemayehu gefe da gefe, ku faɗa mana abin da kuka gani a idon kowannensu.